Yadda Mai Digirin Fiziks Za Ta Sami Aikin da Babanta Zai Iya Faɗa a Gaban Mutane

Ke da kika gama digirin fiziks, kika dawo gida da satifiket da akwatin littattafan da ko ɓeraye sun ƙi taɓawa, kwantar da hankalinki, kin zo inda za a share miki hawaye. Ki bi matakan nan yadda na jera su. Na yi miki alkawari za ki sami aiki, kuma irin aikin da babanki zai faɗa a gaban baƙi ba tare da ya kalli silin ba. Hanyar nan ba ta taɓa ba ni kunya ba. Gaskiya sau ɗaya aka gwada ta, amma ta yi.

Kada ki tambaye ni takarduna. Ban karanta fiziks ba, ko ƙofar ajinsa ban taɓa leƙawa ba. Amma ni na yi ta jigilar 'yar yayata zuwa intabiyu a tsohuwar motata, ni na yi ta jiran ta a bakin get ina hira da masu gadi, ni na yi ta dawo da ita tana kallon taga. Wanda ya sha wannan ya fi farfesa sanin kasuwar fiziks.

Mataki na ɗaya: Ki gane inda ciwon yake

Kina zaton rashin albashi ne matsalarki? Ina! Matsalarki falo ne, da baƙo zaune a cikinsa.

Mijin yayata mutumin kirki ne, rayuwarsa kaf ya yi ta yana kula da sito a wani kamfanin fenti. Ba ya shan taba, ba ya kallon ƙwallo. Abu ɗaya ke faranta masa rai a duniya, shi ne gabatar da 'ya'yansa. Ko mai karanta mita ne ya shigo, sai ya zaunar da shi ya sa an kira su.

"Wannan babban ɗana ne, likita," sai ya ce, ƙirji a gaba. "Wannan mai bi masa ce, lauya." Sannan ya juyo kan ƙaramarsu, wadda kowa ke kira Auta. "Wannan kuma autata, ta gama fiziks."

"Masha Allah," in ji baƙo. "To, me ake yi da shi?"

Nan Baba zai shiga laluben tabaransa a aljihu, alhali yana kan hancinsa.

Auta ta san ba kunyarta yake ji ba. Kalmar ce ba shi da ita. Mutum ya yi wa yarinya hidima shekara da shekaru, ya rasa kalma ɗaya da zai ɗora a bayan sunanta, kuma wannan laluben ya fi yi mata ciwo a kan a ce ya zage ta. Ana haka sai ga labari: Baba zai yi ritaya, kamfani zai yi masa liyafar ban kwana nan da 'yan watanni, kuma ya riga ya sanar cewa ranar zai jera 'ya'yansa uku a gaban manaja da duk ma'aikata, ya faɗi kowa da sana'arsa.

"Kawu," ta ce min a mota, "ba zan tsaya a gaban mutanen nan Baba yana neman tabarau ba."

To ke ma ki rubuta wannan a zuciyarki. Ba aiki kike nema ba, kalma kike nema.

Mataki na biyu: Ki cire "mu ƙaddara" daga bakinki

A jami'a an koya miki wata duniya mai daɗi. A can igiya ba ta da nauyi, ƙasa ba ta da kaushi, iska kuma tana jira a waje har a gama lissafi. Duk tambayar da ta yi wuya, sai a ce "mu ƙaddara", a kore abin da ya dame ku, a amsa sauran. Duniya ce mai kyau, sai dai ba sa ɗaukar ma'aikata a can.

Ranar da aka kawo sabon firij gidan, masu dako suka tsaya da shi a ƙofar kicin suna haki. Yayata ta ce, "Auta, ke da kika yi karatun abubuwan nan, zai shige kuwa?"

Auta ta ja da baya, ta kanne ido ɗaya. "Mama, mu ƙaddara firij ɗin ɗigo ne."

"Ɗigon gidan wa? Abin da ya fi ubanki tsawo?"

Tun ranar yayyenta suke kiran ta Mu-Ƙaddara, firij kuwa yana nan a falo har yau, kusa da talabijin.

Maganin cutar mai sauƙi ne. Kafin ki shiga intabiyu, ki jefa alewa mai tauri a baki. Duk lokacin da kika ji "mu ƙaddara" ta taso, ki tsotsa. Na ba Auta alewar, ta tauna ta tun a mota.

Mataki na uku: Ki fara da koyarwa

Hanya mafi kusa ga mai fiziks ita ce allo. "Malama" kalma ce gajera, mai daraja, ko yaron goye ya san ma'anarta.

Wata makaranta mai zaman kanta ta kira Auta ta koyar da darasin gwaji, shugaban makaranta na zaune a gefe yana kallo. Darasin kan faɗuwar abubuwa ne: mai nauyi da marar nauyi tare suke isa ƙasa. Malami mai hankali zai rubuta wannan a allo, yara su kwafa, a tashi lafiya. Auta kuwa an horar da ita cewa ba a yarda da magana sai an gwada. Ta waiga tana neman abu biyu masu bambancin nauyi, ta ga a kan teburin shugaba akwai ƙaton kwaɗo na ƙofa da wayarsa. Ta ɗauka, ta hau kujera, ta sake su.

Tare suka isa. Yara suka yi shewa, wani ma ya hau benci.

Da a nan ta tsaya, da wataƙila an yafe, don gilashin wayar gefe ɗaya kawai ya tsage. Amma ta sauko, ta tsince su, ta sake hawa kujera.

"Malama, me kike yi kuma?" in ji shugaba.

"Yallaɓai, gwaji ɗaya ba sakamako ba ne. Sai an maimaita."

Darasi: idan za ki maimaita gwaji, ki tabbata mai kayan ya riga ya sa hannu a takardar ɗaukar ki.

Mataki na huɗu: Ki gwada banki

Kowa zai gaya miki bankuna na son masu fiziks saboda ba sa tsoron lissafi. Gaskiya ne. Abin da ba a gaya miki ba shi ne a banki akwai mutane.

Manajan reshe ya zaunar da Auta a ofis mai bangon gilashi, daga inda ake hango layin kwastomomi. Ya ce layin nan ya hana shi barci, yaya za ta rage shi? Ta karɓi biro, idonta ya yi haske.

"Mu ƙaddara duk kwastomomi girmansu ɗaya, yallaɓai. Ba su san juna ba, ba sa magana, ba sa fushi, kuma babu gogayya a tsakaninsu."

Daidai lokacin wani mai ƙiba ya shaƙo wuyan rigar wani siriri a kan waye ya riga zuwa, wata dattijuwa tana dukan su duka biyun da jaka. Manaja ya dubi gilashi, ya dubi Auta.

"Waɗancan fa?"

Ta leƙa, ta yi nazari. "Waɗancan sai mu cire su daga lissafi, suna ɓata zane."

Ya ce za su kira ta. Ki sani, a harshen manajoji wannan na nufin ki gaida gida.

Mataki na biyar: Asibiti, amma ki koyi cewa "babu komai"

A manyan asibitoci akwai sashen da ake ɗaukar hoton ƙashi da na ƙirji, kuma injinan wurin fiziks ne tsantsa. Yayanta likita ya roƙi shugaban sashen ya bar ta ta yi 'yan kwanaki tana koyo. Baba har ya fara murna, yana cewa 'ya'yansa biyu ke nan a asibiti.

Ranar farko aka shigo da wani tsoho sanye da rigar marasa lafiya mai igiya a baya. Ya kalli injin, ya kalli Auta, ya ce, "'Yata, abin nan ba ya illa ko?"

Amsar da duk duniya ta yarda da ita kalma biyu ce: babu komai. Mai shara ma ya san ta. Amma bakin mai fiziks ba ya iya furta "babu" kai tsaye, sai ka ce an ɗaure shi.

"Baba, ba za a ce babu kwata-kwata ba," ta ce. "Akwai, amma kaɗan ne ƙwarai. Ai irin hasken da injin nan ke fitarwa ko'ina akwai shi. Ƙasa na fitar da shi, bangon ɗakinka na fitar da shi, ayaba ma tana da nata ɗan kaɗan."

"Ayaba?"

"Kai kanka ma, Baba, kana fitarwa."

Tsoho ya sauko daga gadon a hankali, ya nemi takalmansa, ya fita da rigar asibiti yana riƙe da bayanta da hannu ɗaya. A hanya ya tsaya ya yi wa masu jira a benci bayani. Kafin a ankara benci ya zama wayam, mai sayar da ayaba a bakin get kuma bai san abin da ya same shi ranar ba.

Yayanta bai yi mata faɗa ba. Ya dai roƙe ta, don zumunci, kada ta gaya wa kowa a asibitin cewa uwarsu ɗaya.

Mataki na shida: Ki guji dogon suna, ki guji ƙarin karatu

Akwai ayyukan kwamfuta da ke karɓar masu fiziks hannu bibbiyu. Matsalar sunayensu. Auta ta kawo wa Baba ɗaya don ya gwada a baki: mai nazarin tarin bayanai. Ya gwada a kan maƙwabci. Maƙwabci ya ce, "Bayanan wa? Namu?" ya tashi ya rufe tagarsa.

Sai ta ce ko ta koma ta yi digiri na biyu. Baba ya ajiye kofin shayinsa a hankali. "Wani fiziks ɗin kuma? Na farkon ya ƙare ne?"

Kada ki ƙara tayar da wannan zance.

Mataki na bakwai: Ki nemi wurin da "wataƙila" take amsa

A wannan lokacin liyafa ta matso, an buga katin gayyata, Baba ya kai sabon yadi wurin tela. Auta ta daina cin abinci sosai. A mota ta ce min ko ta yi ƙaryar ciwo ranar, ta kwanta a gida. Na ce mata babanta zai sa a ɗauko ta da katifar.

Ga sirrin da na tara miki: ba ke za ki canza ba, wurin za ki canza. A duk faɗin duniya akwai ofishi ɗaya da ake biyan mutum don ya ƙi ba da tabbaci, shi ne ofishin hasashen yanayi.

Na kai ta. Ƙaramin gini ne a gefen filin jirgi, da wasu kofuna masu juyawa a kan rufi. Shugaban wurin, wani dogo mai furfura wanda da ganin sa ya sha zagin jama'a, tambaya ɗaya ya yi mata.

"Gobe za a yi ruwa?"

Auta ta sunkuyar da kai, don ta san nan ma ta faɗi. "Yallaɓai, ba zan iya cewa tabbas ba. Wataƙila a yi, wataƙila ba za a yi ba. Idan aka ba ni ma'aunin iska da na laima, zan iya faɗin kashi nawa cikin ɗari."

Mutumin ya cire hularsa ya ajiye a tebur. Ya ce shekara da shekaru yana intabiyu, kowa sai ya leƙa taga ya ce masa e ko a'a. Ya ce, "'Yata, ina kika shiga tuntuni?"

Da yamma yayata ta kama Baba a gaban madubi yana gwaji: "Wannan autata ce, mai hasashen yanayi." Ya faɗa da murya ƙasa, ya faɗa da murya sama, ya faɗa da ɗaga hannu. Auta na bayan ƙofa tana ji, ta toshe bakinta da gyale.

Mataki na takwas: Kada ki yi wa 'yan gida hasashe

Wannan matakin ya fi duk sauran muhimmanci, kuma shi ne Auta ta tsallake.

A filin kamfani za a yi liyafar, inda manyan motoci ke lodi. Kwamitin shiri ya yi niyyar hayo rumfuna. Ana saura kwana kaɗan Baba ya kira Auta falo, ya nuna mata kujerar da ke kusa da tasa, wadda yayanta likita ke zama idan za a yi zancen ciwon gwiwa.

"Ranar nan, za a yi ruwa?"

"Kashi ashirin cikin ɗari, Baba."

"Wato ba za a yi ba."

"A'a, Baba. Ashirin ba sifili ba ce."

"Sauran nawa?"

"Tamanin."

"Tamanin da ashirin wa ya fi?"

Tana iya cewa, Baba, a dai kafa rumfar. Maganar na bakinta. Amma ya jingina yana kallon ta irin kallon da bai taɓa yi mata ba, kallon mutumin da ya tambayi masani kuma ya sami amsa, sai ta ji ba za ta iya karɓe wannan daga hannunsa ba. Ta ce tamanin ta fi.

Nan take ya ɗaga waya ya kira shugaban kwamiti. "A soke rumfa. 'Yata a ofishin hasashen yanayi take, ta duba mana." Ya kira manaja ya faɗa masa. Ya kira direbobi. Kafin gari ya waye babu wanda bai sani ba a kamfanin, har mai dafa musu shayi.

Mataki na tara: Idan abin ya zo, ki tsaya inda kike

Ranar liyafa gari ya waye tas. An jera fararen kujerun roba, an ɗora kek mai siffar bokitin fenti a babban tebur, Baba na ta nuna wa mutane sama kamar shi ya share ta. Manaja ya yi jawabi, shugaban kwamiti ya yi, wakilin direbobi ya yi nasa mai tsawo. Yana cikin yi Auta ta taɓa hannuna ta nuna min gabas da haɓa. Wani baƙin hadari ne ya leƙo ta bayan sito.

Aka miƙa wa Baba makirfo, ya kira 'ya'yansa su fito. Suna jeruwa ɗigon farko ya sauka a kan kek. Kafin ya gama sallama, sama ta ɓalle.

Abin da ya biyo baya ba ya faɗuwa. Mata suka kwashi takalma a hannu, direbobi suka shige ƙarƙashin tirela, sauran kowa ya kifa kujerar roba a ka. Manaja da kansa yana tsaye da kujera a bisa kai, ruwa na zuba ta ƙafafunta. Lasifika ta yi tari ta mutu. Kuma duk idon da ke ƙarƙashin kujerun nan Auta yake kallo, don babu wanda bai san wadda ta duba musu ba.

Na ga ta fara ja da baya, tana neman ɓuya a bayan gangunan fenti. Ban ga laifinta ba, ni kaina na fara tunanin inda na ajiye mota. Sai Baba ya miƙa hannu ya kamo wuyan hannunta, ya ajiye mataccen makirfon a kan tebur, ya ɗaga murya irin ta wanda ya saba kiran leburori daga ƙarshen sito.

"Wannan babban ɗana ne, likita! Wannan mai bi masa ce, lauya!"

Sabon yadinsa ya manne masa a jiki, ruwa na gangarowa daga gemunsa. Ya ɗaga hannun Auta sama.

"Wannan kuma autata ce, mai hasashen yanayi! Ta gaya min kashi ashirin ne. To jama'a, ga ashirin ɗin nan, kowa ya gani da idonsa. Yarinyar nan ba ta ƙarya!"

Wani direba daga ƙarƙashin tirela ne ya fara dariya, sai ta kama ko'ina. Masu kujera a ka ba su da hannun tafi, suka shiga buga kujerun da yatsu. Manaja ya yi ihu ya ce in wannan ce ashirin, don Allah ranar tamanin ta sanar da shi tun da wuri. Auta na tsaye, hannunta a sama cikin na babanta, tana kuka tana dariya, shi kuwa ya ƙi sauke hannun har sai da yayata ta zo ta ja su duka biyun cikin sito.

Ni ma na yi hawaye, ba zan ɓoye miki ba. Ina da kujera a ka, babu wanda ya lura.

Sanarwa ta ƙarshe

Mai wannan rubutu kawu ne kawai mai tsohuwar mota. Ba shi da lasisin ba da shawara, kuma duk abin da ya same ki sanadin bin matakan nan, ke da Allahnki. Kada a neme shi a waya, kada a aiko masa da 'yan uwa, kada a tare shi a gidan mai. Idan kika sami aiki, ƙoƙarinsa ne. Idan ba ki samu ba, kin tsallake wani mataki.

Haka kuma ba ya ɗaukar alhakin lafiyar iyaye. Mijin yayata ya kwanta da mura mai ƙarfi bayan liyafar, murya ta dushe, hanci ya toshe. Shugaban kwamiti ya zo duba shi, ya zauna a bakin gado, cikin raha ya ce ai da an bar rumfunan nan da ba a kai ga haka ba.

Baba ya yunƙura ya tashi zaune, bargo a kafaɗa. "Ni ma abin da ke ba ni mamaki ke nan," ya ce da ƙyar. "Yarinya ta gaya muku ƙiri-ƙiri akwai kashi ashirin, ku kuka ƙi ji."